Yadda Kamfanoni Ke Tunkarar Suka Idan Abokan Ciniki Suka Fusata

Duk wanda ya san kasuwar Mai'adua, wadda ke ci ranar Lahadi a kan iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, ya san cewa dillalin da ya cuci mai saye ba shi da ikon rufe bakin jama'a. Kafin la'asar labari ya zagaye kara, kuma dole ya zo gaban shugabannin kasuwa a warware. Manyan kamfanoni kuwa, waɗanda al'ummar masarautar Daura ke biya kuɗin waya da na lantarki, suna da lauyoyi da jami'an hulɗa da jama'a, saboda haka su ke zaɓen sukar da za su amsa da wadda za su kawar da kai daga gare ta.

Idan ba a manta ba, a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. A watan Fabrairu sai MTN ya ɗaga wani tsari na 15GB daga naira 2,000 zuwa 6,000. Jama'a suka yi ca, Ƙungiyar Ƙwadago ta NLC ta yi kira da a riƙa ƙaurace wa layukan waya na wasu sa'o'i a kullum. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, ya amsa cewa ya yi kuskure. Sai dai ban-haƙurin ya tsaya ne ga wannan tsari guda. Ƙarin da hukuma ta amince da shi bai motsa ba. Mai sana'ar POS a Kwangwalam, wanda cinikinsa ke rataye da data, ya ci gaba da biya.

Akwai kuma waɗanda ke ɗaukar hanyar tsoratarwa. A watan Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa sukari ya yi yawa a tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco. Kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta suka kai ta Abuja, daga baya aka gurfanar da ita a kotu bisa dokar laifukan intanet ta 2015. Abin da ya biyo baya shi ne kiraye-kirayen ƙaurace wa kayan kamfanin a faɗin ƙasa, har maganar ta kai kafofin yaɗa labarai na ƙetare. Mutanen da ba su taɓa jin sunan tumatirin ba sai suka san shi ta dalilin kamun. A shekarar 2024 an yi wa sashe na 24 na dokar gyara, aka taƙaita irin kalaman da za a ɗauka a matsayin laifi.

To amma ƙauracewa makamin mai zaɓi ne. Mai girki na iya sauya tumatir, mazaunin bakin iyaka ma na iya komawa wani layi. Batun lantarki fa? Kamfanin KEDCO shi ne mai rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, kuma magidanci a Mai'adua ba shi da wani kamfanin da zai koma. A nan ne surutu kaɗai ba ya biyan buƙata, domin kamfanin da ba ya tsoron rasa mai saye yana iya yin shiru har hayaniya ta lafa. A ganina, shirun nan ya fi barazana illa, don ba ya barin shaida.

Shi ya sa ya dace jama'a su san hanyar da doka ta tanada. Mai ƙorafin lantarki ya rubuta wa sashen kula da abokan ciniki na kamfanin, ya karɓi shaidar cewa an amshi takardarsa. Idan kwanakin aiki 15 suka wuce ba a warware ba, sai ya kai ofishin sauraron koke na hukumar NERC, daga nan kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa ita kanta hukumar. Mai ƙorafin waya ya fara da kamfaninsa, ya riƙe lambar koken da aka ba shi, sa'an nan ya kira 622, layin NCC na kyauta. Sauran kayan masarufi kuwa suna ƙarƙashin hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.