Matacciyar kwamfuta ma tana iya koyar da yaranmu

'Yan uwa mutanen Damargu, duk lokacin da aka tada maganar koyar da kwamfuta a CEG da lise na Tanut da Belbeji, amsar da muke ji ɗaya ce: babu wuta, babu intanet, babu na'urori. Gaskiya ne. Amma akwai darasi guda da ba ya buƙatar ko ɗaya cikin ukun nan, wato sanin abin da ke cikin na'urar kanta. Matacciyar kwamfuta da sukurdireba sun isa.

A buɗe akwatin a gaban ɗalibai, a nuna musu babban allon da komai ke manne a kansa. Ga furosesa, ƙwaƙwalwar da ke lissafi, da fanka a bisanta don kada ta yi zafi. Ga RAM, wadda ke riƙe aiki muddin akwai wuta, da an ɗauke ta manta komai. Ga diski, rumbun da takardu da hotuna ke kwana ko an kashe na'ura. Ga akwatin wuta mai sauke bolt 220 zuwa 12 da 5 da 3,3, wanda shi kam ba a buɗe cikinsa don yana riƙe wuta ko an cire fulogi. Ga kuma ɗan batir mai kamar kwabo da ke tsare agogo. Yaron da ya taɓa waɗannan da hannunsa ya fahimci wayar da ke aljihunsa ma, tunda ita ma tana da furosesa da RAM da ma'aji.

Me ya sa wannan ya dame mu? Ƙasarmu ƙasar ƙura ce da zafi. Hunturu ya cika fanka da rairayi, bazara ta zo da zafin da ya haura digiri 40, sai na'ura ta dinga mutuwa da kanta. Sau da yawa abin da take so kawai a busa mata ƙurar ko a cire RAM a goge a mayar. Amma in babu wanda ya sani, sai a ɗora ta a mota zuwa Damagaram, tafiyar kilomita fiye da 100, a biya kuɗin mota a biya na gyara, aikin ofis ya tsaya.

Wani zai ce, muna fama da azuzuwan zana da ƙarancin tebura, ina mu ina kwamfuta? Ai shi ya sa muka kawo darasin da kusan ba ya cin ko dala. Kuma mu tuna, matatar mai ta Soraz da ta fara aiki a 2011 a ƙasar Ollelewa take, cikin gundumar Tanut. Masana'anta irin wannan da na'urori take tafiya. In yaranmu suka kai Bac ba su taɓa ganin cikin kwamfuta ba, wane irin aiki za mu nema musu a can? Wanda kuma bai samu jarrabawa ba, in ya iya gyara, ya samu sana'ar da za ta iya riƙe shi gida maimakon bin hanyar Agadas zuwa Libiya.

Roƙonmu ga ma'aikatu da ƙungiyoyi da ofisoshin magajin gari, daga Tarka har Gangara da Falanko: in kuna da lalatattun na'urori a sito, ku kwashe bayanan da ke cikin diski, ku miƙa su ga makarantu. Kwamitocin iyaye su nemo mai gyaran waya na kasuwa ya zo ko sau ɗaya a wata ya taya malami. 'Yan mata su ma a ba su sukurdireba, kada a bar su a baya suna leƙe.

Shugabannin makarantu, ku fara da aji guda a bana. Allah ya yi wa yaranmu albarka.