Waiwaye: Sa'ad da Kowa Ya Haddace Adireshinsa

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A sha'anin kwamfuta da intanet kam ban bi su ba, don bana ta fi bara sauƙi nesa ba kusa ba. Yau dattijo a Kanambakashe yana gindin gawo yana aika wa ɗansa da ke Aljeriya murya ta WhatsApp, kafin ya gama alwala amsa ta iso. Sai dai akwai wata tarbiyya da wahalar jiya ta koya mana, sauƙin yau ya zare mana ita ba mu ankara ba. Ita nake so mu tuno tare.

Da yawa cikinmu, ƴan Tasawa da ƴan Mayahi, a Maraɗi ko Damagaram muka fara buɗe akwatin imel, wani lokacin da ya je karatu, wani ya je neman takardu. Shekarun nan ne na tsakanin 2005 da 2010. Kun tuna siba, shagon shiga intanet: ɗaki guda, fanka tana kaɗa iska mai zafi, kwamfutoci masu ƙaton ƙeya a jere, kowace da ƙyallenta na kare ƙura, Windows XP a kansu duka. Kusan kowa Yahoo yake buɗewa. Jarrabawar farko ita ce alamar @, domin a allon rubutu irin na Faransa sai ka danne AltGr ka haɗa da maɓallin sifiri kafin ta fito. Malamai masu furfura sun sha tsayawa cak a wurin, har yaron siba ya zo ya miƙa hannu ta kafaɗarsu.

Kuɗin awa ake biya, agogo kuma ba ya jiran kowa. Shi ya sa mutum ke rubuta wasiƙarsa a takarda tun daga gida, ya zo ya kwafe kawai. Adireshinsa na kansa, lambar sirrinsa na kansa, wanda bai amince da ƙwaƙwalwarsa ba yana da ɗan littafi a aljihun riga. In ka miƙe za ka fita, mai siba zai ɗaga murya: "Malam, ka rufe akwatinka?" Kowa ya san kujerar da ka bari wani zai hau, kuma ba kowa ke kau da kai daga wasiƙar da ba tasa ba.

To yau tsaya a fada ka tambayi samari goma adireshinsu na Gmail. Za ka sha kallo. Ranar da aka sayi wayar, mai shago ne ya buɗe asusun, ya ƙirƙiro suna, ya sa lambar sirrin da ta zo masa a rai, ya miƙo waya tana aiki. An yi godiya an tafi. A cikin asusun nan lambobin mutane suke, ajiyar hirarrakin WhatsApp ma can take zuwa. Mun gina rumbu mun cika shi da hatsi, makullin kuma yana hannun wanda ba mu san ko gobe yana garin ba. Ranar da waya ta faɗa rijiya, ko aka sace ta a kasuwa, ko ta rikice aka wanke ta ta tashi tana neman tsohon asusun Google kafin ta buɗe, ranar ake sanin abin da aka bari.

Wuta ma ta yi mana malanta. Lantarkin yankinmu daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma ma'aikatar wutar, Nigelec, ba ta sallama in za ta ɗauke. Masu buga takardu a bakin hanya, waɗanda suka buga mana takardar neman aiki da rahoton ƙarshen karatu, yatsunsu sun saba da Ctrl da S ba tare da sun yi tunani ba, kowane ƴan layuka sai sun adana. Wanda ya taɓa rasa shafi goma da tsakar rana a watan Afrilu ba ya buƙatar wa'azi. Aiki mai muhimmanci kuwa ba a barinsa wuri guda: yana kan kwamfuta, yana kan kile (ƴar ma'ajiyar da ake sokawa a kwamfuta), mai wayo kuma ya aika wa kansa ta imel.

Kilen ita ma da nata ciwon. Akwai wata ƙwayar cuta da ta zaga kusan kowace kwamfutar ofis da ta makaranta: ka soka kile, ka ga fayilolinka duk sun koma ƴan gumaka masu kibiya, ka danna ba abin da ke fitowa sai ƙarin yaɗuwa. Mutane da yawa sun share kilensu suna salati, alhali aikin yana nan, ɓoye shi kawai aka yi. Waɗanda suka sani sukan sa Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli, su kwashe nasu, sannan su wanke kilen. Daga nan muka koyi cewa ba a soka kile a buɗe sai an sa Avast ko makamancinsa ya duba tukuna. Har yau wannan shawara ba ta tsufa ba, da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya fi ba ni tunani shi ne yadda duk abubuwan da muka ɗauka dawwamammu suka wuce a gaban idonmu. An rufe Yahoo Messenger a 2018. Skype, da muka riƙa gaisawa da ƴan'uwa na Turai ta kansa, an rufe shi a watan Mayun 2025. Microsoft ta daina kula da Windows XP a 2014, da Windows 7 a 2020, wa'adin Windows 10 kuma ya cika a Oktoban 2025, ga kwamfutocinmu na gwanjo da yawa ba su da ƙarfin ɗaukar Windows 11. Ko sunan da ke fitowa a saman wayarmu bai zauna ba: Celtel ta zama Zain a 2008, ta zama Airtel a 2010, Orange ta zama Zamani. Google ma tun Disamban 2023 ya ba kansa damar share asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba.

Wannan na ƙarshen, wato rasa abin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, ya shafe mu fiye da yadda muke zato, mu da ƙasarmu ta masu cin rani ce, don layin waya ma haka yake. Yaro ya tashi daga Urafan ko Isawan ya nufi Libiya ko wuraren haƙar zinariya na arewa, ya ajiye layinsa na gida ya sayi wani. Layin ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani ya karɓe ya sayar wa wani. Sabon mai layin shi saƙon tabbatarwa zai riƙa isar wa, ko na WhatsApp ko na Facebook. Ga kuma ɓarayin zamani da ke kira da murya mai daɗi, su ce sun tura maka lamba shida bisa kuskure, don Allah ka karanto musu. Kana karantowa sun shige WhatsApp ɗinka, sun fara roƙon danginka kuɗi da sunanka. Lambar nan ba a faɗa wa kowa, ko da muryar ta yi kama da ta ɗan'uwa.

Gyaran bai kai wahalar shan shayi zagaye uku ba. A cikin saitin waya, wurin asusu, adireshin Gmail yana nan a rubuce, sai a kwafe shi a littafi. A canza lambar sirrin zuwa wadda mai waya ya zaɓa da kansa, a sa layin da ke hannu yanzu a matsayin na ceto, in an canza layi a koma a gyara. A WhatsApp a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a zaɓi lamba shida da ba ranar haihuwa ba. Iyayenmu da ba su yi boko ba, ƴaƴansu ne ya kamata su zauna su yi musu, su rubuta a takarda a adana tare da takardar haihuwa da ta gona.

Ku kuma masu shagon waya na bakin tasha, ƙannenmu, ku ne kuka gaji kujerar mai siba. In kun buɗe wa mutum asusu, ku yagi takarda ku rubuta masa adireshin da lambar, ku sa ya maimaita a gabanku kafin ya tafi.