Ɗan Kallo Ma Yana Da Ciki: Batun Ci Da Sha A Filayen Ƙwallonmu

Gabatarwa

A duk ranar da ake buga ƙwallon ƙafa a ɗaya daga cikin manyan filayenmu, akwai mutum ashirin da biyu a tsakiyar fili waɗanda aka tanadar wa ruwan sanyi da likita da mai tausa. Akwai kuma wasu 'yan tsiraru a rumfar manyan baƙi, suna zaune a inuwa ana zagayawa da lemo a gabansu. Amma dubban da suka yanki tikiti da kuɗin guminsu, waɗanda sowarsu ce ta mayar da wasan abin kallo, da wuya a sami wanda ya zauna ya yi tunanin abin da za su sa a bakin salati. An ɗauki ɗan kallo a matsayin maƙogwaron da zai yi ihu, an manta cewa maƙogwaron nan yana bushewa.

Wannan maƙala tana ƙalubalantar wannan sakaci, tana kuma ƙalubalantar magunguna biyu da ake yawan kawowa a kansa: korar masu talla da sunan tsaro, da miƙa cinikin fili gaba ɗaya ga babban kamfani guda da sunan zamananci. Matsayina shi ne, ruwan sha haƙƙin ɗan kallo ne da ya biya tun a ƙofa, cinikin abinci kuwa haƙƙin mutanen garin da aka gina filin da dukiyarsu ne, muddin an tsara shi an kuma sa masa ido.

Awa huɗu a cikin rana

Yawancin wasannin gasar Firimiya ta Najeriya da ƙarfe huɗu na yamma ake take su. Wanda yake son wurin zama a babban wasa kuwa, tun bayan sallar Azahar yake kama layi. Kafin alƙalin wasa ya hura usur na ƙarshe wajen ƙarfe shida, ɗan kallo ya shafe kusan awa huɗu, galibi a kan siminti da ya wuni yana shan rana, a ɓangaren da babu rufi. A Kano da Katsina da Maiduguri, zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40. Mutum a irin wannan yanayi gumi yake yi ba ƙaƙƙautawa, kuma idan bai mayar da ruwan da ya fita ba, ciwon kai da jiri da suma suna nan tafe, musamman ga yara da dattawa da masu hawan jini.

Masu shirya ƙwallo sun san wannan sarai. A gasar cin kofin duniya ta 2014, a wasan Holan da Meziko da aka yi a birnin Fotaleza na Birazil, an tsayar da wasa a hukumance domin 'yan wasa su sha ruwa saboda zafi, kuma tun daga nan hutun shan ruwa ya zama sanannen abu. To, idan matashi mai cikakkiyar lafiya da horo yana buƙatar a dakatar da wasa domin ya jiƙa maƙoshi, me za a ce da tsohon da ya fi shi daɗewa a cikin wannan ranar? A garuruwanmu akwai ƙarin wata buƙata: La'asar tana riskar mutane a cikin fili, suna neman ruwan alwala. Filin da ba shi da famfo mai zuba ya gaza a fuska biyu ke nan.

Filayen nan kuwa ba ƙanana ba ne a tarihi. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da gasar cin kofin nahiyar Afirka a 2000, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya a 2009. Kaduna da Bauchi ma sun karɓi baƙin duniya a 1999 da 2009. Ƙasar da ta iya shirya wa baƙi irin wannan masauki ba za ta ce shayar da 'ya'yanta ya fi ƙarfinta ba.

Maganin farko: a kori masu talla

Waɗanda suka cike wannan giɓi shekara da shekaru su ne masu ƙaramar sana'a: mai ruwan leda, da mai zoɓo da kunun aya, da mai gyaɗa da dafaffen ƙwai, da mai rake, da mai gurasa, da mai tsire da balangu a bakin ƙofa. Babu wanda ya gayyace su. Buƙatar jama'a ce ta kira su. Amma da zarar an sami hargitsi, aka yi jifa da ledar ruwa ko gora, su ne farkon waɗanda ake hucewa a kansu. Sai a ji ana kiran a hana shiga da komai, a kuma share bakin ƙofa.

Ba na raina matsalar jifa. An sha cin ƙungiyoyi tara, an sha sa su buga wasa babu 'yan kallo, an sha tura su wani gari saboda abin da wasu ɓata-gari suka aikata. Amma mai ruwa ba shi ya yi jifa ba. Wanda ya yi jifa yana da hannu da fuska, kuma a kama shi a hukunta shi a hana shi shiga fili shi ne adalci. Hana dubban mutane ruwa saboda laifin mutum goma, laifin wani ne ya shafi wani. Ƙishirwa kuma ba ta taɓa sanyaya zuciyar kowa ba. Taron da ya galabaita ya fi saurin harzuƙa idan alƙalin wasa ya yanke hukuncin da bai yi masa daɗi ba.

Ƙasashen da suka fi mu shan wahalar rikicin magoya baya ba ta hanyar ƙishirwa suka magance shi ba. A Ingila, dokar 1985 ta hana shan barasa a inda ake hangen fili, amma ba ta hana ci da sha ba. Abin da filaye da yawa suke yi shi ne su zuba abin sha a kofin takarda ko na roba, ko su cire murfin gora kafin su miƙa wa mai saye, domin gorar da ba ta da murfi ba ta yin nauyin dutse idan aka wurga ta. Sun gyara mazubi, sun bar ruwan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Magani na biyu: a miƙa wa babban kamfani

Wannan ya fi na farko daɗin ji, shi ya sa ya fi shi haɗari. Ana cewa fili na zamani yana buƙatar ɗan kwangila guda mai tambari da ma'aikata masu yunifom, wanda zai biya kuɗi mai tsoka a ba shi ikon sayar da komai shi kaɗai. Kafin mu yi na'am da wannan, ya kamata mu dubi inda aka gwada shi a mafi girman mataki.

Lokacin da Birazil take shirin gasar 2014, hukumar FIFA ta sa aka yi dokar da ta keɓe kewayen kowane fili, har zuwa nisan kilomita biyu, domin cinikin kamfanonin da suke ɗaukar nauyinta. A lokacin Birazil tana da haramcin sayar da giya a filayen ƙwallo saboda tashe-tashen hankula, amma aka matsa mata ta ɗage shi a dokar da shugaba Dilma Rousseff ta sa wa hannu a 2012, domin kamfanin giyar Budweiser yana cikin masu ɗaukar nauyi. Dokar da aka yi don kare rayuka ta rusuna a gaban kwangila.

A birnin Salbado na jihar Bahiya akwai mata da suka gaji wata sana'a tun zamanin bauta: suna markaɗa wake su soya shi a manja, suna kiran sa akaraje. Ƙosai ne, wanda kakanninsu suka tafi da shi daga Afirka ta Yamma. Sun daɗe suna sayar da shi a filin Fonte Nova, amma sabon tsarin ya nemi ya rufe musu ƙofa. Matan suka ƙi yin shiru. Suka haɗa kai a ƙungiyarsu, suka tara sa hannun dubban mutane, suka kai kuka har ga shugabar ƙasa, daga ƙarshe aka ba wasu 'yan ƙalilan daga cikinsu izinin kafa kasko a harabar filin tun daga gasar kofin nahiyoyi ta 2013. Idan sai da gwagwarmaya mai ƙosai ta sami gurbi a filin garinsu, mai gurasar Kano ya san abin da ke jiran sa ranar da aka sa hannu a irin wannan yarjejeniya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙatar ta nuna wata fuskar. Ranar 18 ga Nuwamba, 2022, saura kwana biyu a buɗe gasar cin kofin duniya, aka sanar cewa ba za a sayar wa 'yan kallo giya a filaye takwas na gasar ba. Darasin da ke ciki shi ne mai masauki yana iya tsayawa a kan al'adarsa ko da a gaban FIFA, kuma gasar ta gudana filaye suna cika. Amma akwai darasi na biyu mai ɗaci: a ɗakunan alfarma na masu tikiti mai tsada an ci gaba da shayarwa. Ko'ina aka je, tsarin da ya sa kuɗi a gaba yana da doka biyu, ta mai hali da ta talaka.

Illar ɗan kasuwa guda a bayyane take. Mutumin da ya shiga fili ba zai iya fita ya nemi mai rahusa ba, saboda haka duk farashin da aka yanka masa dole ya biya ko ya haƙura. Kuma ko ta fuskar riba ma wannan tsawwalawa ba hikima ba ce. A 2017, lokacin da aka buɗe filin Mercedes-Benz a birnin Atilanta na Amurka, mai ƙungiyoyin da suke wasa a filin, Arthur Blank, ya karya farashin abinci da kusan rabi, ya sa gorar ruwa dala biyu, lemo ma dala biyu tare da ƙari kyauta. A kakar farko, abin da kowane ɗan kallo yake kashewa ya ƙaru da kashi 16 cikin ɗari. Da mutane suka ga ba a cutar su, sai suka riƙa zuwa da wuri da iyalansu suna saye da yawa.

Abin da masu suka za su ce

Za a ce abincin talla ba shi da tsafta, kuma a ƙasar da cutar amai da gudawa take ɓulla kusan kowace damina wannan ba abin wasa ba ne. Gaskiya ne. Amma abincin da aka kora zuwa bakin kwata ya fi wanda aka ba rumfa haɗari, domin babu mai duba shi. Za a ce yara ƙanana ne suke ɗaukar tallar. Wannan ma gaskiya ne, kuma abin kunya ne. Sai dai rashin tsari ne ya haife shi, domin inda ake ba da lasisi ana iya gindaya sharaɗin cewa baligi ne kawai zai tsaya a rumfa. Za a ce kuma babu kuɗi. A nan sai mu yi lissafi na misali: gasarmu tana da ƙungiyoyi 20, kowace tana buga wasa 19 a gida. Da mutum 10,000 za su shiga fili, kowa ya kashe naira 500, an yi cinikin naira miliyan 5 a yammaci guda, wato miliyan 95 a kaka. Kaso kaɗan daga irin wannan ya isa ya riƙe famfo da shara. Yawancin ƙungiyoyinmu mallakar gwamnatocin jihohi ne, suna jiran kasafi kafin su biya albashi, alhali ga kasuwa a ƙofar gidansu da suka ƙi kallo.

Mafita

Na farko, kowane fili ya sami rijiyar burtsatse da tanki da jerin famfuna a kowane ɓangare, ruwan sha da na alwala kyauta, kuma hukumar gasar ta sa wannan cikin sharuɗɗan amincewa da fili kamar yadda take duba ciyawa da ɗakin sauya kaya. Na biyu, a gina ƙananan rumfuna a harabar fili, a bayar da su haya mai sauƙi ga masu sana'ar garin ta hannun ƙungiyoyinsu, a keɓe wa mata kaso, a kuma fifita waɗanda suka daɗe suna ciniki a wurin. Na uku, duba-gari su riƙa zagayawa kafin a buɗe ƙofa, ruwan leda kuwa sai mai lambar NAFDAC. Na huɗu, a liƙa farashi a bango da Hausa da Turanci, kada ya zarce na kasuwa. Na biyar, a hana kwalba da gwangwani shiga rumfar kallo, a yi amfani da kofi. Kamfanin lemo da yake son tallata kansa a buɗe masa ƙofa, ya kafa allonsa, ya ɗauki nauyin tanki ko firiji, amma kada kuɗinsa ya saya masa ikon korar mai zoɓo.

Kammalawa

Magoya bayan Kano Pillars, ƙungiyar da ta lashe gasar a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, suna yi mata kirari da Masu Gida. A al'adarmu kuwa, mai gida ba ya tambayar baƙo abin da ke tafe da shi sai ya miƙa masa ruwa. Wannan ƙa'ida ta girmi ƙwallon ƙafa a ƙasar nan, kuma ita ya kamata kwamishinonin wasanni da shugabannin ƙungiyoyi da hukumar gasar su auna kansu da ita. Muna kukan cewa matasanmu sun ƙaurace wa filayen gida sun tare a gidajen kallo suna bin ƙungiyoyin Ingila da Sifen. Mai gidan kallo dai ya ba su benci da inuwa da fanka, ga mai shayi a ƙofa. Wanda yake son su dawo, ya fara da famfo.