Ɗanyen Kifin Guangzhou da Tsutsar Hanta

 Maganarmu ta yau daga birnin Guangzhou take, wanda Turawa suka daɗe suna kira Kanton, a kudancin ƙasar Sin, inda fatakenmu na Kano da Maraɗi suke zuwa sarin kaya.

A wannan lardi na Guangdong akwai wani abincin alfarma, watau ɗanyen kifin tafki. Akan fere shi siriri kamar takarda, a zuba masa mai da citta da albasa, a ci bai ga wuta ba. Mutanen Shunde su ne gwanayensa. To, cikin tsokar kifin nan tsutsar hanta take ɓuya, wadda masana suke kira Clonorchis sinensis.

Ga yadda take kewaya. Ƙwanta yakan fita cikin bayan gidan mai cutar. In ya kai ruwa, a da kuwa har masai akan gina bisa tafkin kiwon kifi, sai wani ɗan ƙaramin dodon koɗi ya haɗiye shi. Daga cikinsa 'ya'yan tsutsa su fito, su huda jikin kifi, su kwanta suna jira. Wanda ya ci kifin ɗanye, tsutsar sai ta bi hanjinsa ta hau hanyoyin matsarmama cikin hanta, ta iya zama shekara 20 ko fiye tana zuba ƙwai. Da fari mutum ba ya jin kome. Daga baya ne ciwon ciki da shawara su kan biyo. A 2009 hukumar binciken sankara ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa tsutsar nan cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 15 suna ɗauke da ita, mafi yawansu a Sin.

A ganina, abin da ya fi zama haɗari ga baƙo shi ne kunya. Wannan cuta ba ruwanta da talauci, gama manya maza masu zuwa liyafa ta fi kamawa. Abokin cinikinka zai sa maka kifin a gaba don ya girmama ka, kai kuma ka ga ai kifi halal ne, ga nauyin mai masauki. Ka yi godiya, ka roƙi a dafa maka naka. Barkono da ruwan tsami ba su kashe tsutsar, sai wuta. Akwai magani, praziquantel, amma mai warkewa ya koma ga ɗanyen kifi, cutar ma ta koma masa.

A birnin nan kuma masanin Sin, Chen Xintao, ya bayyana wata tsutsa a 1935, wadda ya samu cikin huhun ɓera. Daga kashin ɓera takan shiga dodon koɗi, daga nan ta kai ƙwaƙwalwar mutumin da ya ci shi bai dahu ba. A 2006 ta kwantar da mutum fiye da 100 a Beijin. Mu ba mu saba cin dodon koɗi ba, amma yakan ɓoye cikin ɗanyen ganye, saboda haka a wanke ganye sarai.

Cutar fumfuna kuwa ta fata take bi. Yadda askar wanzami take kai makero daga kan yaro zuwa kan wani, haka jiƙaƙƙen daɓen makewayi da takalmin wanka na haya-haya suke kai ruɓewar tsakanin yatsu a masaukan unguwar Xiaobei, musamman lokacin da raɓa take tsattsafowa a bango. Matafiyi ya riƙe takalminsa da tawul nasa, ya kuma tsane tsakanin yatsunsa bayan alwala.