Iskar da Ake Sayarwa da Dala, Jami'o'inmu Sun Kau da Kai

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin 'yan bokonmu, daga ofisoshin Abuja da Yamai zuwa zaurukan jami'o'in Kano da Zariya, har ma a majalisun Hausawa mazauna Jidda: wai rabon mitocin rediyo aikin ofis ne. A ganinsu, abu ne da ma'aikacin hukuma zai koya a bitar mako guda a otal, a miƙa masa takardar shaida, sauran kuma a bar wa kamfanonin waya da ƙwararrun haya daga Turai. Jami'a kuwa, in ji su, ta mai da hankali ga abin da ake yayi, wato rubuta manhaja da ƙirƙirarriyar basira da kasuwancin intanet, domin rediyo kayan tsofaffi ne. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma ƙasashenmu suna biyan kuɗin kuskuren da tsada.

Wayar da ke aljihunka rediyo ce. Haka na'urar Wi-Fi, da tauraron ɗan'adam, da taswirar da ke nuna wa direba hanya, da abin da matuƙin jirgi ke magana da hasumiya da shi. Kowanne yana tafiya ne a kan wata mita da aka keɓe masa, kuma mitocin da ke da amfani ƙidayayyu ne. Lamarin tamkar ƙasar noma ne: akwai fadama akwai tudu, akwai gonar da aka mallaka wa mutum ɗaya, akwai makiyayar kowa da kowa, akwai burtalin da dole a bari a tsakani. Duk Bahaushe ya san abin da ke biyo baya idan wanda bai san ƙasa ba ya zo shata iyaka.

Kuɗin da ke ciki ma ya isa ya farkar da mai barci. A watan Janairun 2001, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane lasisi ya tashi a kan dala miliyan 285. A watan Disambar 2021 aka sake yin gwanjon mitar gigahaz 3.5 domin fasahar 5G, MTN da Mafab kowanne ya ci a kan dala miliyan 273.6. Ba rijiyar mai aka sayar ba, ba ma'adini ba. Izinin amfani da wani yanki na iska aka sayar, na wasu shekaru. Jami'o'inmu suna da sassan nazarin man fetur da ma'adinai da albarkatun ruwa. Yaya dukiyar da ake ciniki a kanta da irin wannan kuɗi za ta zama darasin mako biyu a cikin kwas ɗin injiniyan lantarki?

Wanda yake son ya ga nauyin wannan ilimi da idonsa, ya dubi Jidda. Daga wannan birni ne gidan rediyon Saudiyya ya fara watsa shirye-shiryensa a 1949, a ranar Arfa. Yau birnin yana ɗauke da babbar tashar jiragen ruwa a Bahar Maliya, da filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, da miliyoyin wayoyi, kowa da mitarsa, kuma ba wanda zai iya jure katsalandan ɗin wani. Ga teku kuma da nata halin. A lokacin zafi, iska mai ɗumi da bushewa takan kwanta a kan iska mai laima da ke saman ruwa, sai ta zama wani rufi da ke hana siginar rediyo ficewa sama. Siginar da aka lissafa za ta mutu bayan 'yan kilomitoci sai ta bi saman teku ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Tsakanin Jidda da Fot Sudan kusan kilomita 300 ne, amma a irin waɗannan ranaku tashar da ke wancan gaɓar tana iya kutsowa cikin ta wannan gaɓar. Wannan ba abin da ake warwarewa da takardar ofis ba ne. Sai an kafa na'urori a bakin teku, an auna rani da hunturu, shekara da shekaru, kafin a san nisan da ya kamata a bari tsakanin tashoshi biyu.

Sai kuma babban gwaji, wato aikin Hajji. A 2024 alhazai fiye da miliyan 1.8 suka tsaya a Arfa. Duk wanda ya taɓa kwana a Mina ya san yadda abin yake bayan sallar la'asar. A cikin tanti guda, wata Hajiya daga Funtuwa ta ɗaga waya sama tana nuna wa jikokinta farin tantunan ta bidiyo, maƙwabciyarta tana neman jami'in alhazai domin mijinta bai dawo daga jifa ba, malamin bita yana tura wa'azi ta WhatsApp. Ninka wannan tanti sau dubbai a cikin kwari guda da duwatsu suka kewaye. A daidai wannan lokaci motar asibiti tana neman hanya, 'yan kwana-kwana suna magana da juna, jirgin ƙasa na masha'ir yana karɓar umarni, jirage masu saukar ungulu suna shawagi. Idan kiran bidiyon Hajiya ya danne muryar direban motar asibiti, rai ne zai salwanta. Abin da ke hana haka shi ne lissafin da wasu suka zauna suka yi tun watanni kafin alhaji na farko ya sauka a Jidda: wace mita za a ba wa wa, da wane ƙarfi, eriya ta fuskanci ina, sau nawa za a maimaita mita guda a cikin kwarin ba tare da ta ci karo da kanta ba.

Saudiyya ta daɗe da gane cewa hidimar alhazai tana buƙatar binciken jami'a. A 1975 aka kafa Cibiyar Binciken Hajji a Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, ƙarƙashin Sami Angawi, kafin daga baya ta koma Jami'ar Ummul Ƙura a Makka. A 2009 aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha ta KAUST a Suwal, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda. A can Farfesa Mohamed-Slim Alouini, ɗan Tunisiya, ya shafe shekaru yana bincike a kan sadarwar da ba ta waya, musamman yadda za a kai intanet ga ƙauyuka da wuraren da kamfanoni ba su ga riba ba. Wannan tambaya ai tamu ce, ta mutanen Zurmi da Gwadabawa da Dakwaro. Abin takaici ne a ce ana nazarinta a gaɓar Bahar Maliya da himmar da ta fi wadda muke yi a gida.

Masu cewa aikin ofis ne su dubi abin da ya faru da mitar gigahaz 6. A 2021 hukumar sadarwa ta Saudiyya ta buɗe dukan wannan yanki, megahaz 1,200 cur, domin Wi-Fi da makamantansa, kowa ya yi amfani ba tare da lasisi ba. Saudiyya ce ƙasa ta farko da ta yi haka a shiyyar da ta haɗa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya, wato shiyyar da Najeriya da Nijar suke ciki a tsarin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU. A ƙarshen 2023, babban taron mitocin rediyo na duniya da aka yi a Dubai ya amince a keɓe saman wannan yanki, daga megahaz 6,425 zuwa 7,125, domin wayar salula a wannan shiyya. Ɓangarori biyu ne suka ja daga. Masu ƙera kayan Wi-Fi suna so a bar shi kyauta, kamfanonin waya suna so a mallaka musu, kuma kowane ɓangare ya zo da rahotanni masu kauri da alƙaluma masu gamsarwa. Ƙasar da ba ta da nata masana, da me za ta auna waɗannan rahotanni? Wakilinta zai ɗaga hannu ne bisa lissafin ɗan kasuwar da ya fi iya baki, kuma hukuncin da aka yanke zai bi jikokinmu.

Ilimin nan ƙafa uku gare shi, shi ya sa bita ba za ta ɗauke shi ba. Akwai kimiyyar yadda sigina ke tafiya a iska. Akwai tattalin arziki: Ronald Coase ne ya kawo shawara a 1959 cewa a riƙa sayar da mitoci a kasuwa, Amurka ba ta fara gwanjonsu ba sai 1994, kuma Paul Milgrom da Robert Wilson, malaman Jami'ar Stanford da suka taimaka wajen tsara wannan gwanjo, sun sami lambar Nobel a 2020. Akwai kuma shari'a da diflomasiyya, domin dokokin rediyo na ITU yarjejeniya ce tsakanin ƙasashe. Wurin da injiniya da masanin tattalin arziki da lauya ke zama a inuwa guda su yi shekaru a kan tambaya ɗaya, sunansa jami'a.

Ƙasarmu ma tana da nata tambayoyin da ba wanda zai amsa mana. Ƙurar hunturu da guguwar farkon damina suna da tasiri a kan siginar da ke tsakanin turakun sadarwa. Ruwan saman ƙasashe masu zafi yana cin sigina fiye da yayyafin Turai, kuma marigayi Farfesa Gabriel Ajayi na jami'ar Ife ya yi suna a duniya ne da auna girman ɗigon ruwan sama a Najeriya domin wannan lissafi. Mutanen Jibiya da Illela da Birnin Ƙonni sun san yadda waya ke tsallaka iyaka ta kama sabis ɗin maƙwabciyar ƙasa alhali mai ita yana zaune a ƙofar gidansa, kuɗinsa na zurarewa. Ga batun mayar da talabijin tsarin dijital: yarjejeniyar Janeba ta 2006 ta sa wa'adin 17 ga Yunin 2015, Najeriya ba ta cika ba. Mitocin da wannan sauyi ke 'yantawa, na megahaz 700 da 800, su ne masu dogon zango da ratsa bango, su ne suka fi dacewa da karkara. Kowace shekarar jinkiri shekara ce da ɗalibar ƙauye ta yi ba intanet.

Za a ce mini jami'ar da ba ta da wuta da kujeru ina ita ina nazarin iska. Uzurin ba ya tsayawa. A yau akwai 'yar na'urar karɓar sigina da ake soka wa kwamfuta, kuɗinta bai kai na wayar hannu mai matsakaicin daraja ba. Da ita da eriya a kan rufin tsangaya, ɗalibai za su iya auna waɗanne mitoci ne ke cike a Kano, waɗanne ne aka riƙe lasisinsu amma suke zaune fayau. Za a kuma ce ba aikin yi a fannin. NCC da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin da hukumar sararin samaniyar jiragen sama da soja da kamfanonin waya da hukumar sadarwa ta Nijar, ARCEP, duka suna buƙatar waɗannan mutane. Ba kuma rashin masu kai muke fama da shi ba. Farfesa Umar Garba Ɗanbatta daga Jami'ar Bayero ya fito, ya shugabanci NCC daga 2015 zuwa 2023. Abin da ya rage shi ne a gina makarantar da za ta riƙa yaye irinsu a kai a kai, ba sai an yi dace ba.

Ba kuma cewa nake a kwaikwayi Jidda ido rufe ba. A 2011 mujallar Science ta ba da rahoton yadda wasu jami'o'in Saudiyya, har da ta Sarki Abdul'aziz, suke biyan fitattun masana na ƙetare domin su liƙa sunan jami'ar a takardunsu, matsayinta ya ɗaga a jerin jami'o'in duniya. Wannan sayen suna ne, kuma ɗan'uwan hayar ƙwararru ne da nake suka. Abin koyi a Jidda shi ne ɗakin gwaji da na'urar awo da ɗalibin da ke bakin teku da tsakar rana yana rubuta alƙaluma.

Saboda haka kirana a fili yake. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi su buɗe digiri na biyu da na uku a kan sarrafa mitocin rediyo, wanda sassan injiniya da tattalin arziki da shari'a za su riƙe tare. A ware wani kaso tabbatacce daga kuɗin kowane gwanjo domin wannan bincike, a rubuta shi a doka. Hukumomi su buɗe wa masu bincike rajistar mitoci, domin ba a nazarin abin da aka kulle a durowa. Jami'o'in Katsina da Maraɗi su yi awon kan iyaka tare. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, wanda hedikwatarsa ke Jidda kuma Najeriya da Nijar mambobinsa ne, yana ba da tallafin karatu a fannonin kimiyya da fasaha. Gwamnonin Arewa su tura yara su nema. Iyaye kuma, musamman 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya, su daina ɗaukar cewa Larabci da ilimin addini kaɗai ake zuwa nema a wannan ƙasa. Yaron da ya koyi yadda za a tsare mitar motar asibiti a Mina, shi ma hidimar baƙin Allah yake yi.

Za a sake zaman babban taron mitoci a 2027 a birnin Shanghai na Sin, kuma batun taurarin ɗan'adam, har da masu magana kai tsaye da wayar hannu, shi ne zai mamaye ajandar. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya tun 2023, wato maganar ta riga ta iso ƙofar gidanmu. Wakilanmu za su je ko ta halin ƙaƙa. Ko dai su tafi da alƙaluman da ɗalibanmu suka auna a Kano da Sakkwato da Maraɗi, ko su tafi da na kamfanonin da ke neman iskarmu. Shugabannin jami'o'i da na NCC da ARCEP ne za su zaɓa, kuma a wannan zangon karatu ya kamata su yi zaɓin.