A Daina Zubar Da Shaidar Da Ke Gindin Kwanson Harsashi

Duk inda aka yi harbi, ko na farauta ko na ta'asa, akwai abin da kan rage a ƙasa bayan hayaƙi ya washe, wato kwanson harsashi. Yaro ya tsince shi ya yi usur, ɗan gwangwan ya auna shi tare da sauran tagulla, maƙeri ya narke. Mu a ganinmu wannan asara ce babba, musamman a Jihar Kebbi, wadda ta ga sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, ta kuma ga harin Lakurawa a Mera ta ƙasar Augie a watan Nuwamba na 2024.

Dalili kuwa shi ne, kowane kwanso yana ɗauke da rubutu a gindinsa, kuma rubutun nan yakan bambanta na soja da na kasuwa. Na kasuwa ba ya ɓoye kansa: za a ga sunan kamfani da girman harsashin, kamar 308 WIN, ko kuwa lamba 12 a gindin harsashin farauta mai jikin roba. Na soja ba kasafai yake faɗin girmansa ba. Abin da akan buga masa shi ne alamar ma'aikatar da ta ƙera shi da lambobi biyu na shekara. LC na nufin ma'aikatar Lake City ta Amurka, 539 ta Tula ce a Rasha, OFN kuwa tamu ce, ta Kaduna, inda aka kafa hukumar ƙera makamai ta DICON a 1964. In an ga gicciye cikin da'ira, to, harsashin ya bi ƙa'idar ƙungiyar NATO. Akan kuma daddale bakin ƙwayar tartsatsin da ke tsakiyar gindin don kada ta fita cikin bindiga mai sarrafa kanta. Da yawa daga kwanson bindigar AK-47 ma ba tagulla ba ne, ƙarfe ne aka shafe, maganaɗisu yana kama shi.

A Amurka, inda doka ta yarda mutum ya sake ɗura kwanso a gida, masu wannan sana'a suna tantance kwanso ne don tsaron lafiyarsu. Na soja mai girman 7.62x51 yakan fi takwaransa na kasuwa kaurin jiki, saboda haka cikinsa ya fi ƙunci. Awon albarushin da ya dace da ɗaya yana iya fasa bindiga a ɗayan. A nan gida kuwa Dokar Makamai ta 1959 ba ta bar wa kowa ƙera harsashi ba sai da izini, kuma maharbin da ya ɗebo albarushin harsashin soja ya zuba wa bindigar toka, da yatsunsa da idanunsa yake caca. Mu amfanin wannan ilmi a wurinmu daban ne: bin sawu.

An riga an gwada, an ga amfaninsa. A watan Janairu na 2020 ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar da rahoto kan makaman da aka kama a Kaduna da Katsina da Zamfara. Ta hanyar lambobin da ke jikinsu ta gano wasu sun fito daga rumbunan Libiya, wasu daga Kwaddibuwa, wasu bindigogin Turkiyya ne da aka yi fasa-ƙwaurinsu ta Ikko, wasu kuma daga hannun jami'an tsaronmu suka suɓuce. To, amma fa a yi hattara. Ganin OFN a kwanso ba ya nufin lalle wani soja ya sayar. Ana ƙwace harsashi a fagen daga, ana kuma sacewa. Abin da kwanso ke yi shi ne ya nuna rumbun da za a je a buɗe littafinsa a yi tambaya. Wanda ya narke shi ya rufe wannan ƙofa.

Me ya sa muka ambaci Gwandu da Kalgo? Domin a nan ne aikin ya fi sauƙin somawa. Masarautar Gwandu tana da hakimai da dagatai da sarakunan maharba waɗanda maganarsu ke isa kowace ruga, a Kalgo kuma ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ɗalibai masu waya a hannu. Ba kuɗi ake bukata ba. A sanar a masallatai da kasuwanni cewa wanda ya ga kwanso ya ɗauki hoton gindinsa, ya lura da wuri da rana, ya kai wa mai unguwa. A gargaɗi 'yan gwangwan su daina saye.

Saura kuma 'yan sanda. Talaka ba zai kai kwanso caji ofis ba muddin yana tsoron a ce shi ne mai bindigar. Ya kamata Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ya fito fili ya ce ba za a tsare wanda ya kawo ba, a kuma ba shi rasiti, a rubuta lambobin a rajista, a riƙa aika su ga Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2021.