Moton da aka ƙera don gudu ba ya tsayawa inda ka ce



Akwai maganar da ke yawo tsakanin matasanmu, wai idan ka ɗaura inbata a kan babban moton injin sassaƙar ƙarfe, shi ke nan, za ka iya tsayar da sandar injin a duk kusurwar da kake so, ka huda ramuka shida ko takwas a faifai ba tare da awo ba. Sun gani a YouTube. Ni kuwa na ce wannan ganganci ne, kuma manomi ne zai biya kuɗinsa.

Ku duba wanda ke kawo mana aikin. Mai noman rani ne daga ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo, ko mai albasa da tafarnuwa daga fadamar Wurno, ko mai injin casar shinkafa daga Rabah. Faifan da ke haɗa inji da famfo ya fashe, shuka na jiran ruwa. Kuskuren digiri 1 kacal, a nisan milimita 100 daga tsakiya, yana gusar da rami da milimita 1.75. Ko dai kusa ta ƙi shiga, ko a fafe ramin da fayil a tura ta da ƙarfi, faifai ya riƙa rawa yana cin boris. Bayan 'yan kwanaki mutumin ya dawo, albasarsa ta sha ƙishi.

Dalilin a fili yake. Moton da yawancinmu ke da shi yana juyi kusan 1,450 a minti ɗaya a wutar Najeriya, kuma a ƙirarsa dole ya riƙa bin bayan wutar da ɗan santsi. Inbata ta san saurin da ta umarta, amma ba ta san inda sanda ta tsaya ba. Tsakanin moto da sanda kuma ga bel mai zamewa, ga haƙoran giya masu wasa. Ko da ka dace ya tsaya daidai, me zai riƙe shi sa'ad da bakin huda ya fara ci? In ka ce inbata ta riƙe shi da wuta, ka tuna fankar da ke sanyaya shi a jikin sandarsa take. Ya tsaya, ta tsaya. A zafin watan Afrilu na Sakkwato, da ke haura digiri 40, waya za ka ƙona.

Za a ce ai manyan injinan kwamfuta suna yi. Gaskiya ne, injinan Mazak da Haas da masu kwakwalwar Fanuc suna mai da sanda abin saita kusurwa. Amma me suka sa a ciki? Na'urar ƙirga juyi a jikin sandar kanta, ba a kan moto ba, wadda ko ta gama-gari tana raba zagaye ɗaya gida 4,096. Ga kwakwalwar da ke karanta ta tana gyara kuskure nan take, ga birki mai damƙe sanda, ga fanka mai wutarta daban. Wanda ya nuna maka bidiyon bai nuna maka rasit ɗin waɗannan ba.

Kada a ce na ƙi inbata. Tana da amfani: tana ba moto mai layi uku wuta daga layi ɗaya, tana rage gudu wajen yanka zare. Aikinta ke nan, a bar ta a kansa.

Mai son raba zagaye ya yi faifan rabo mai rami 60 da fil na kullewa. Sittin tana rabuwa gida 2, 3, 4, 5, 6, 10 da 12. Mai hali ya sayi kan rabo irin wanda hannunsa ke juyi 40 kafin sanda ta zagaya sau ɗaya. Ba ya jiran wuta, ba ya ƙonewa.

Mai son koyon na zamani ya koya, ya haɗa kayan duka, ya gwada a kan ƙarfensa. Amma kada ya yi gwaji da famfon mutumin da ya ci bashin taki.

Allah ya sa albarka a sana'a.